Babban Allo da Gidan Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kwamfutar nan ta wayi gari da taurin kai. Na danna maɓalli, 'yar fitilar ta kama, fanka na ta huci kamar tsohon da ya hau bene, amma allo baƙi ƙirin. Nata ƙaramin baƙi, babban da na haɗa mata shi ma baƙi. Na zauna ina jira har shayina ya huce.

Wata biyu ke nan da na kawo babban allon, na ɗora shi a kan tsohon teburin zanena, na haɗa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka da waya guda. Bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai yau. Da na zare wayar na sake kunnawa, sai ga ta ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. To amma me zan yi da ƙaramin allo? Masu ƙera kayan yanzu rubutu suke yi kamar sawun kiyashi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zana wa mutane taswirar gini kafin in yi ritaya. Makarantu, shaguna, gidajen da ko ruwa ban taɓa sha a cikinsu ba. Yanzu ga na Auta, 'yata ta ƙarshe. Ita da mijinta sun samu fili, ni kuma na rantse babu wanda zai ja layi ɗaya a gidan nan in ba ni ba. Magini na jira, yana so ya haƙa tushe kafin ruwa ya sauka. Ni ma ina da nawa dalilin na son gamawa kafin ashirin ga wata.

Matata ta leƙo. Gwamnati nake ce mata, don ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce wataƙila kwamfutar ma ritaya ta yi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na gano lagonta. A zare wayar babban allo, a kunna, a ƙirga sittin, sannan a mayar da wayar a hankali kamar mai sa wa jariri hula. Sai ka ga haske ya bazu. Ashe kunya take ji, ba ta son a gan ta tana tashi daga barci.

Na gama falo. Taga biyu manya, don Auta tun tana ƙarama ba ta son ɗaki mai duhu. Ina aiki ina 'yar waƙa, har Gwamnati ta tambaya daga tsakar gida ko akuya ce ta shigo.

Na koma rubutu da makar nan mai kauri, irin ta rubutu a kwali. Biron zamani ba su da tawada.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Dabara ta ci yau ma. Na gama ɗakunan kwana biyu. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Dabara ta mutu. Na ƙirga sittin, na mayar da waya, babban allo ya ƙi ko ƙiftawa. Na yi ta danne-danne har wani ɗan akwati ya fito a gefen ƙaramin allon, da rubutu a ciki. Na matso, na ja baya, na karkata kai. Hasken ɗakin nan ba shi da kyau, na sha faɗa.

Ƙarshe dai na kira Gwamnati. Ta zo da tabarau a kan hanci, hannunta duk zare, don har yanzu ba ta yarda ta bar keken ɗinkinta ba. Ba ta taɓa taɓa kwamfutar nan ba, ta ce abin da ba shi da feda ba ta amince da shi ba. Ta karanta min layukan huɗu ɗaya bayan ɗaya: ko hoto ya tsaya a ƙarami kawai, ko ya fito a duka biyun, ko a shimfiɗa shi, ko ya koma babba kawai. Na ce ta zaɓi na biyu. Ta danna da ɗan yatsa ɗaya tana kau da fuska kamar abin zai fashe. Sai ga gidan Auta ya cika babban allo.

Na zaci za ta fita. Sai ta jawo kujera. Na nuna mata falo, na nuna mata ɗakuna, tana gyaɗa kai. Can ta ɗora yatsa a kusurwa ta tambaye ni wannan ɗan akurkin na mene ne. Na ce kicin ne.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Injiniya, ashe ba kuskure ka yi a namu ba. Hali ne."

Ni ba injiniya ba ne, ta sani. In ta kira ni haka, to akwai shari'a a gaba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Fiyus ya zo. Abokina ne tun muna samari. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, yanzu kwamfuta, kuma sunan ya bi shi ne don saurin ƙonewarsa in ana gardama. Ya shigo da jakarsa yana surutu tun daga ƙofa, wai ya ji labarin na kashe injin da ko yaron goye ba zai iya kashewa ba.

Ya ce waya ce. Ya sa sabuwa, baƙi. Ya ce ƙura ce, ya hura ramin da iska, baƙi. Ya zare caja, ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe har rabin minti, wai don ragowar wuta ta fita daga jikinta. Ya mayar da komai ya kunna, sai ga allo biyu tar. Ya miƙe tsaye yana buga ƙirji, ya ce a kawo masa shayi da madara biyu. Muka sha, muka yi hirar mutanen da muka sani, waɗanda suka tafi da waɗanda suka ƙi tafiya. Da zai fita na ce ya sake kashewa ya kunna mu gani. Baƙi.

Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Ya ce kwamfutar halin mai ita ta ɗauko.

Da ya miƙo min tsohuwar wayar, na kai hannu inda ba nan take ba. Ya matso da ita ya sa min a tafin hannu. Fiyus da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, sai kawai ya ɗauki jakarsa ya yi sallama.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Sau huɗu a rana Gwamnati ke zuwa da 'yar kwalbar nan. In ɗaga kai in kalli silin, ta ɗiga min a ido, in ce da zafi, ta ce ƙarya nake yi. Takardar asibitin can tana manne a jikin firij. Na juya ta ta fuskanci ƙarfe, an sake juyo ta.

Yanzu aikin safe ya zama na mutum biyu. Ni in zare, in kunna, in mayar. Ita ta karanta akwatin ta zaɓa. Wani lokaci a karo na farko, wani lokaci sai na huɗu.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu

An yi shari'ar yau. Gwamnati ta kama hannuna ta kai ni kicin ɗinmu, wanda ni na zana shekara ashirin da takwas da suka wuce, ta tsayar da ni gaban murhu ta ba ni ludayi. Sannan ta fita ta turo ƙofa. Ƙofar ta buge ni a kwankwaso. Ta sake fita ta turo. Ta sake buguna. Ta ce wannan sau biyu ke nan, ita kuwa in za a lissafa nata sai an kira malamin lissafi.

Ta nuna min tagar da ke kallon katangar maƙwabta, ta nuna min kantar da sai ta hau kujera take kaiwa, da wurin wanke-wanke da ke can nesa da murhu, wai kamar na raba ma'auratan da suka yi faɗa. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce ranar da muka tare na yi ta zagayawa da ita ɗaki-ɗaki ina murna kamar yaro da sabon takalmi, ina za ta samu bakin magana?

Muka koma teburi, ta zo da tef ɗinta na ɗinki a wuya. Ta auna tsawon hannunta, ta auna na tukunya mafi girma, ta ce a ci mita ɗaya daga falo. Na ce falo ne fuskar gida. Ta ce baƙo awa ɗaya yake yi, mai girki kuwa shekara arba'in. Na ci mitar.

Rabon da mu zauna kafaɗa da kafaɗa muna gardama haka tun yaran suna firamare. Gashinta ƙamshin sabulun nan yake yi har yanzu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma

Gwamnati tana bin lambobi tana karanta min, sai ta fashe da dariya. Ƙofar banɗaki, faɗi santimita talatin. Ta ce ko kyanwa aka gina wa. Tamanin ne, takwas ɗin na ɗauka uku. Muka gyara. Muka samu wasu biyu irinsa, muka gyara.

Litinin, ƙarfe uku

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa aika wa magini lamba ba daidai ba.

Talata, 11 ga wata

Sau bakwai kafin ta tashi. Rabin yini ya tafi. Saura kwana tara. Lafiyata ƙalau.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Gwamnati ta tafi kasuwa sayen zare, kwamfuta ta ƙi, sai ga wayar Auta. Na gaya mata abin da ake ciki da allon, ina mayar da shi wasa. Ta ce a makarantar da take koyarwa suna fama da irin haka da majigi, bari ta taimaka. Ta sa na zare waya na kunna. Ta ce in shiga wurin saiti. Na ce na shiga. Ta ce me na gani. Na ce abubuwa da yawa.

"Baba, karanta min layin farko kawai."

Na ce mata rana ce ta haske allon. Ta ce in ja labule. Na ja. Ta ce to. Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayanta.

"Baba, tun yaushe?"

Na ce layin ba shi da kyau, ba na jin ta. Na kashe.

Ni na hana a gaya mata maganar ashirin ga wata. Yarinya na murnar gida, me zai sa a ɗora mata wani kaya.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Motar farko Auta ta biyo. Ina karyawa sai na ji sallamarta. Ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce firij ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Sannan ta tsaya tsakiyar falo ta wanke mu tas, ni da uwarta, kamar ɗaliban da ta kama suna satar amsa. Gwamnati da kanta ta sunkuyar da kai. Abin da ban taɓa gani ba ke nan, har na so in yi dariya, na ga ba lokacinta ba ne.

Ta yi kuka, ta share, ta cinye burodina. Sannan ta ce a bar maganar taswira, masu zane sun cika gari, in kwanta in huta. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani. Amma ji na yi kamar an zare min kujera.

Na ce mata, "Auta, ban san abin da zan iya ba bayan Alhamis mai zuwa. Yau na san ina iya wannan. Ki bar ni in gama miki."

Ta dubi uwarta neman goyon baya. Gwamnati ta ce a bar shi ya gama, ai ba shi kaɗai yake yi ba, lambobin duk ta hannunta suke bi yanzu.

Muka sha fama har allo ya tashi a karo na biyar. Auta ta ga falonta da tagoginta. Da ta kai kicin ta tambaya wa ya ba ni wannan basirar. Na ce ilimi ne da gogewa. Uwarta ta yi tari.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mu uku muka ɗauki kwamfutar zuwa shagon Fiyus. Ɗan wuri ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, in mutum biyu sun shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa. Wayoyi na reto daga ƙusoshi, tsofaffin alluna jingine da bango, ƙamshin dalma da ƙura, da wata rediyo da ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa cin amanarsa ba.

Yau bai yi cika baki ba. Ya haɗa kwamfutata da nasa allon, baƙi. Ya ce to allona ya fita daga zargi, waya ma ta fita, ciwon a cikin gida yake. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce uku ga wata. Auta ta duba tarihin abin da kwamfutar ta sabunta da kanta, sai ga shi: ranar biyu ga wata ta sauke sabon direba na hoto.

Na ce direba kuma? Ya ce e, kowane sashe na kwamfuta da direbansa, shi ke gaya masa inda zai bi. Gwamnati ta ce in dai sabon direba ne ba ta yi mamaki ba, hanya ce bai sani ba, a dawo da tsohon.

Fiyus ya ce wallahi abin da za a yi ke nan. Amma ya tashi daga kujerarsa ya ce ita za ta zauna. "Ranki ya daɗe, ke za ki yi da hannunki. In ta sake yi wata rana ina can ina barci, wa za a kira?"

Bai dube ni ba da ya faɗa. Na gode masa a zuciyata.

Ta zauna. Yana faɗa tana dannawa, Auta na nuna mata da baki ba da hannu ba. Aka mayar da tsohon direba. Aka hana kwamfutar sake canza shi ba da izini ba. Sai ya ce saura abu ɗaya: akwai wani saiti na saurin tashi, wanda ke sa in an kashe ta ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta ajiye abin da take ciki ta tashi da shi gobe, har da ruɗewar jiya. Aka cire masa alama. Gwamnati ta ce da mutane ma suna da wannan maɓallin da ta cire wa wasu tuntuni.

Aka kashe, aka bar waya a jiki, aka kunna. Haske. Fiyus ya buɗe baki zai fara kirari, na ce a sake. Aka sake. Haske.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

A gida, a kan teburina, waya a haɗe tun jiya. Dannawa ɗaya. Na kashe na kunna sau uku don jin daɗi kawai. Gwamnati ta shigo da kwalbarta tana rawa da kafaɗa, ta ɗiga min a kunci don dariya, sai da aka sake.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar

Auta ta koma, za ta dawo Laraba da mijinta. Kafin ta tafi ta ƙara girman rubutun allon har kowane harafi ya kai ɗan yatsa. Na ce ba na bukata. Ban mayar ba.

Mun gama rufi da magudanar ruwa. Kafaɗata ta gaji, na ba Gwamnati linzamin kwamfutar na ce ta ja bangon ɗakin ajiya. Ta ja ya karkace, ta goge, ta ja ya wuce, ta goge. A na uku ya tsaya cak. Ta ce ashe ɗinki ne kawai ba allura. Na ce shekara talatin da ɗaya nawa ta mayar ɗinki? Ta ce ita da ta yi arba'in tana yi ba ta taɓa yi wa mutum wuyan riga santimita talatin ba.

Talata, 18 ga wata, da rana

Mun je asibiti. An auna abin da za a auna. Likitan yana da kirki, yaro ne sa'an babban ɗana, hannunsa da sanyi. Ya ce idon hagu za a fara yi wa aiki. Ya ce yawanci ana dacewa, amma nawa ya daɗe, ba zai yi alkawari ba. Na dama bai ce komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar dawowa Gwamnati ta riƙe min hannu wajen tsallaka titi. Na ce mutane na kallo. Ta ce su kalla, da takardar aure ta same ni.

Saura wayoyin wuta da jadawalin ƙofofi.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu

An gama. Ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna. Gwamnati ta karanta min kowace lamba da ƙarfi, ina amsawa daga ka, ba mu samu ko ɗaya a karkace ba. Surukina ya kai aka buga a manyan takardu, shafi shida, ya dawo da su a naɗe tare da magini.

Maginin dattijo ne, mun yi aiki tare a da. Ya baza takardun a ƙasa ya durƙusa, ya daɗe yana bin su da yatsa. Ya ce hannun bai canza ba, sai dai kicin ɗin nan ba irin nawa ba ne.

A ƙasan kowane shafi akwai gida biyu, na wanda ya zana da na wanda ya duba. Gwamnati ta ɗora min bakin biro a kan layi na sa hannu. Sannan na miƙa mata na ce ta sa a na biyun. Ta ce in daina wasa. Na ce ba a ba magini takardar da ba a duba ba, doka ce. Ta goge hannu a zaninta ta sa, shafi shida, a hankali, harshe a waje. Auta ta ɗauki hoto.

Laraba, ƙarfe bakwai

An hana ni cin komai daga yanzu. Jaka tana bakin ƙofa.

Ina jin tsoro.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ni ce matarsa. Ya ce in rubuta masa kada ranar ta wuce ba komai. An yi, an gama, minti arba'in. Yana kwance da bandeji a rabin fuska yana ba ni umarni. Ya ce in rubuta bai ji tsoro ba ko kaɗan. Na rubuta tunda ya ce. Yatsuna dai har yanzu ba su dawo daidai ba saboda matsar da suka sha kafin a shiga da shi.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Ni ce dai. An cire bandeji. Ya ce kamar yana kallo ta cikin gilashin da aka huce wa numfashi. Likita ya ce a ba shi kwanaki, kada ya sunkuya, kada ƙura, kada allo. Da muka dawo ya wuce ya kwanta. Na dafa masa shayi bai sha ba. Fiyus ya zo ya zauna da shi awa biyu yana ba shi labarin ƙarya, har na ji ya yi dariya sau ɗaya.

Ban san abin da ake rubutawa a irin littafin nan ba. Allah ya sa mu ga alheri.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ni ce. Yau aka kafa turaku aka ja igiya a filin Auta. Tunda an hana shi ƙura, ni na je da takardun. Magini ya matso da bango ɗaya da kamar tafin hannu, wai ba komai. Na ciro tef ɗina na auna a gabansa. Ya cire turakun ya sake. Da na dawo na ba maigidan labari, ya sa na maimaita sau uku, musamman wurin da maginin ya ce min yi haƙuri Injiniya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yau hannuna ne, ba nata ba. Biro ne kuma, na gama-gari, kuma ina ganin layin da nake rubutu a kai. Na dama yana nan yadda yake, wannan maganar wata rana ce. Amma na hagu ya buɗe da safen nan kamar an wanke taga.

Abin da na fara gani silin ne, da wani tabon yoyo da ban san da shi ba. Sai labule, ashe da furanni a jikinsa, na ɗauka ruwan toka ne. Na fita tsakar gida ina karanta duk abin da na samu: gwangwanin madara, buhun shinkafa, lambar motar maƙwabci ta saman katanga.

Gwamnati tana zaune a kan kekenta, ta ba ni gefe, tana zura zare a allura. Na tsaya ban yi motsi ba. Girarta ta yi fari. Akwai layuka biyu a gefen bakinta da ban san lokacin da suka zo ba, da wasu ƙanana a wutsiyar ido. Shekara biyu ko fi ina magana da fuskar da na haddace, ita kuwa ta ci gaba da tafiya ba ni.

Ta ji tsayuwata ta ɗago. Ta dube ni, ta gane. Hannunta ya tafi zai gyara ɗankwali, sai ta fasa ta sauke shi.

"To, ka gani," ta ce. "Tsohuwa ce."

Na jawo kujera na zauna gabanta, kusa sosai, na ce ta ci gaba da ɗinkinta kada ta kula ni, akwai karatun da ya wuce ni da yawa. Ta ce ba ta iya aiki ana zuba mata ido. Ta taka feda, layin ya karkace, ta warware ta sake. Ban tashi ba sai da ta gama rigar.